Shekarar da Muka Sare Inuwar Shanu

Yau kwana tara ke nan hadari yana haɗuwa ta gabas bayan la'asar, ya yi baƙi, ya yi gurnani, iska ta zo ta watsa shi. Rijiyar ƙofar gida sai da aka ƙara mata igiya. Tun da hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, kaji na kwance a gindin rumbu baki buɗe. Ba na son irin wannan bazara, kuma ba don zafinta kaɗai ba. Tana tuna mini wata bazarar da ta wuce shekara talatin da 'yan kai, wadda har yau in na tuna ta abinci ke fita raina. Zan faɗi abin yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya, domin waɗanda suka san shi sun ƙare, yaran yanzu kuma suna zaton faƙon nan da ke yamma da gari haka Allah ya halicce shi. Ba haka aka halicce shi ba. Mu muka yi shi da hannunmu.

Ƙauyenmu yana tsakanin Malumfashi da Maska, a gefen hanyar da fatake ke bi da jakunan kanwa. A wancan zamani wurin nan na yamma dajin kiwo ne. Akwai gawo da yawa, akwai marke da kirya, ɗorawa jefi-jefi, da tsamiya huɗu manya. Ciyawarsa iri biyu ce. A sarari, inda rana ke duka, gamba ce da shuci, dogaye masu kaushi, su ake yanka a saƙa zana a yi jinka. A ƙarƙashin itatuwa kuwa gajeruwa ce mai laushi, kyasuwa da harƙiya. Ita ke riga fitowa da ruwan farko, ita ke daɗewa da ɗanyenta bayan ruwa ya ɗauke, ita kuma shanu ke bi. Tsamiya kaɗai ce gindinta ba ya fid da komai, ƙasa ce tsirara kamar an share.

Ni a lokacin ban daɗe da zama maigida ba. Mahaifina ya rasu ya bar mini gona, da rumbu biyu, da saniya guda, baƙa mai farin goshi, muna ce mata Goshi. Ban da ita ba ni da wata dabba, ko akuya. Matata kuwa 'yar mai unguwarmu ce. Wannan shi ne abin da za a riƙe, don in ba a riƙe shi ba sauran labarin ba zai shiga kai ba: mai unguwa surukina ne. Ba na kiran sunansa, sai dai in ce Baba, ba na cin abinci a gabansa, in na hango shi sai in tuɓe takalma in durƙusa.

Farkon abin gobara ce. Wani rani wuta ta tashi daga madafin wani gida ta cinye kusan rabin ɗakunan gari. Aka bazama neman ciyawar jinka, aka tarar ba ta isa ba. Mutane suka rufe ɗakuna da kara da abin da ya samu. Damina ta zo, kowane ɗaki yana yoyo, har zauren mai unguwa. Hatsi ya yi fumfuna a rumbun da ba a rufe da kyau ba, tsofaffi suka yi ta tari. Wahala ce ta gaske, ba na musun wannan.

Da aka gama girbi mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar gidansa, inda yake da tasa tsamiyar da yake zama a gindinta. Ya nuna ƙasa da sandarsa.

Ya ce, "Ku dubi nan. Akwai ciyawa?"

Aka ce babu.

"To ku dubi can sarari, bayan masussuka. Gamba ta fi mutum tsawo. Me ya bambanta su? Itace. Shi ke shanye ruwan, shi ke tare rana. Dajin nan na yamma in muka kwashe mishi itatuwa, duk gamba da shuci zai zama. Ba za mu ƙara kwana a ɗaki mai yoyo ba."

Akwai wani Bafillace zaunanne a gefen gari, Buba, shi ke haɗa shanun gari da nasa ya kai su kiwo. Ya gyara sandarsa a kafaɗa ya ce, "Mai unguwa, Allah ya ba ka nasara, tsamiya daban, gawo daban. Gawo da damina ko ganye ba shi da shi, wace rana zai tare? Da rani kuma shi ke zubo wa shanu 'ya'ya. Kuma ai saniya ba ta cin jinka."

Mai unguwa ya ce, "Buba, kai da ka tashi a bukka, me ka sani game da ɗaki?"

"Ban san ɗaki ba. Na san abin da ke shiga cikin saniya da abin da ke fitowa."

Aka yi dariya, amma Buba aka yi wa dariyar, ba mai unguwa ba. Sai muryar Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, ta fito daga bayan danga, don ita ba ta tsoron kowa.

"Ɗorawar fa? Da gamba za mu kaɗa miya?"

Mai unguwa ya ce, "Tabawa, maganar maza ake yi."

Ta ce, "Na ji. Shi ya sa ba ta da kai."

Ni ina can baya a durƙushe. Na san Buba ke da gaskiya, domin mahaifina ya sha nuna mini yadda gero ke yin kauri a gindin gawon gonarmu. Na sani sarai. Ban ɗaga kai ba.

Aka sa ranar gayya. Mata suka dama fura, aka kira makaɗa. Tsarin aikin haka yake: ƙananan itatuwa a sare su tun daga tushe. Manya a zagaye gindinsu da gatari a ɓare ɓawon, faɗin tafin hannu biyu, don su bushe a tsaye. Waɗanda suka yi taurin kai, irin kirya da ke dakusar da gatari, a tara musu kara a gindi a sa wuta. Kwana shida muka yi. Ni kaɗai na ɓare gawo bakwai. Makaɗi ya bi ni yana yi mini kirari, ni kuwa ina jin daɗi, ina ƙara ɗaga gatari don surukina ya gani. Ruwan itacen na gangarowa yana manne mini a hannu, ina sharewa a jikin wando.

Da aka zo kan tsamiyoyin nan huɗu sai aiki ya tsaya. Wannan ya ce gatarinsa ya dakushe, wancan ya ce ƙotarsa ta tsage. Kowa ya san dalili: ana cewa akwai masu wurin a cikinsu, wanda ya taɓa su hannunsa zai shanye. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce a bar su, ba a tsokanar abin da ba a gani. Saboda haka itacen da shi kaɗai ne da gaske yake hana ciyawa, wanda da shi aka kafa hujja, shi muka bari a tsaye. Duk wanda ke ciyar da dabba muka kashe.

Damina biyu abin ya yi kyau, dole in faɗi wannan ma. Gamba da shuci suka miƙe suka mamaye wuraren da inuwa take a da. Muka yanka har muka gaji. Kowane ɗaki ya sami sabuwar jinka, kowane gida sabon zana. Mai unguwa in ya ga Gwaggo Tabawa sai ya tambaye ta ko ɗakinta na yoyo, ita kuma ta ce a'a, amma miyarta ta zama ruwa.

Bayan yanka na biyu aka sa wa dajin wuta kamar yadda aka saba. A da wutar kan yi gudu a sarari, in ta zo gindin itace ta tarar da ɗanyar ciyawa ta lafa, ta bar tsibi-tsibi na kiwo. Wannan karon babu abin da zai tsayar da ita. Ta kama doguwar ciyawa, ta kama busassun itatuwan da ke tsaye, kwana uku tana ci, kututture na ci har cikin saiwa. Da ta mutu na je na duba. Ƙasar ta yi ja ta yi tauri kamar tukunyar da aka gasa. Na buga ta da dunduniya, ta yi ƙara.

Buba ya zo gidana bayan kwana kaɗan, da hantsi, ya tsaya a bakin turken Goshi yana shafa mata wuya.

Ya ce, "Mamman, ni zan yi kudu, wajen ƙasar Zazzau. Babu abin da shanu za su ci a nan har ruwa ya sauka. Ba ni ita in tafi da ita. Cikinta wata biyar ne. In Allah ya yarda in dawo maka da su biyu."

Amma kafin nan mai unguwa ya riga ya faɗa a masallaci cewa duk wanda ya ba Buba saniyarsa, to shi ya zaga, don ya nuna wa duniya garinsa ba ya iya ciyar da dabba. Wasu sun yi kunnen uwar shegu sun bayar. Su ba 'yarsa suke aure ba.

Na ce, "Buba, in na ba ka kamar na ce Baba ya yi kuskure ne."

"To bai yi ba?"

Na sunkuya ina gyara igiyar turken.

Ya ce, "Kai Kaɗo, kunya kake kiwo ko saniya?"

Matata tana tsakar gida tana tankaɗe, tana jin mu. Na dube ta ko za ta ce wani abu. Ta ce, "Ni dai kada a ja mini magana a gidanmu." Ta ci gaba da tankaɗenta. Buba ya ɗaga kafaɗa, ya yi mini sallama. Washegari ya kaɗa shanunsa, da na waɗanda suka fi ni hankali.

Sai bazara ta shigo, irin wannan ta bana, har ta fi ta. Ga yadda abincin Goshi ya ƙare. Da farko karan dawa na gona, ya yi wata ɗaya. Bayansa harawar wake da na ɗora a kan rumfa, ina ba ta dami ɗaya in raba biyu. Bayanta dusa, amma dusar mu ma mun fara bukatarta a tuwo, don rumbu ɗaya ya riga ya ƙare. Daga nan sai ƙaiƙayi da nake jiƙawa da ruwan kanwa. Tana ci tana tari.

Kullum bayan sallar asuba in ja ruwa in ba ta, in kwance ta, in haɗa ta da sauran shanun da suka rage a gari, su kamar goma sha biyar, mu kora su yamma. Ban san me muke kai su su yi ba. Babu ganye, babu 'ya'yan gawo, babu reshen da mutum zai hau ya saro musu. Rana na tsakiya sai su ruga gindin tsamiyoyin nan huɗu su cunkushe, don nan ne kaɗai inuwa ta rage, kuma nan ne babu ko tsinke. Suna tsaye cikin kashinsu da fitsarinsu, ƙuda ya rufe musu ido, kaska ta cika musu kunne da hantsa. Warin wurin tun daga nesa yake tarar mutum. Suka fara lasar ƙasa. Da yamma in sun dawo gari sai su auka wa sababbin zanakun nan, su finciko, su tauna har da igiyar. Masu gida na korarsu da taɓarya. Wadda ta fi tsawo ta miƙa wuya ta jawo jinkar ɗaki. Buba ya ce saniya ba ta cin jinka, ashe tana ci in an kai ta bango, sai dai ba ya yi mata komai.

Ruwa ya sauka sau ɗaya, mai ɗan ƙarfi. Muka yi murna, wasu har suka yi shuka. Na fita yamma da safe na tarar ruwan bai shiga ƙasa ba, ya bi ta kanta ya gangara rafi, ya kwashe tokar ya tafi da ita. Duk da haka bayan kwana biyu wani ɗan kore ya fito kamar gashin jariri. Rana ta yi masa kwana uku ya ƙone. Ruwa bai sake dawowa ba sai bayan kwana ashirin da wani abu.

A cikin kwanakin nan ne na ɗauki lauje da igiya na nufi dajin wani ƙauye da ke kudu da mu, tafiyar rabin yini. Su ba su taɓa itatuwansu ba, kuma ruwan nan guda da muka samu shi suka samu. A sararinsu ƙasa fara ce, busasshiya, kamar tamu. Amma kowane gawo da kowane marke yana da da'irar kore a gindinsa, daidai faɗin inuwarsa. Na tsuguna na tura yatsa. Ƙasar baƙa ce, da sanyi, da laushi, ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu da na tsuntsaye sun haɗu a ciki, kyasuwa ta kai tsawon ɗan yatsa. Taku uku daga nan, inda inuwar ta ƙare, yatsana bai shiga ba. Na daɗe a tsugune a wurin.

Wani dattijo mai kiwon tumaki ya same ni ina yanka.

Ya ce, "Malam, daga ina?"

Na faɗa masa.

"Af, ku ne kuka yi wa dajinku aski? To wanzami, me ya kawo ka gidan masu gashi?"

Na ce saniya gare ni mai ciki. Ya dube ni, ya dubi ɗan abin da na tara, ya ce in cika igiyata in tafi. Kwana huɗu ina zuwa, in fita da asuba in dawo bayan la'asar da abin da bai fi cin akuya ba, don ciyawar gajeruwa ce, sai an yi ta tsinka. Goshi na hango ni sai ta yi wani ɗan kuka a maƙogwaro. Rana ta biyar na tarar mutanen garinmu shida sun riga ni, da laujensu. Masu dajin suka fito suka kore mu duka, kuma ban ga laifinsu ba.

Bayan kwana uku Goshi ta kwanta ta kasa tashi. Saniya in ta kwanta haka ba a barinta, sai a zura mata sanduna biyu ta ƙarƙashin ciki, mutum huɗu su ɗaga ta ta tsaya. Safe da yamma muke yi. In an ɗaga ta sai ta tsaya tana rawa, ƙasusuwan kwankwaso kamar za su huda fata, cikin ya zazzago ya rataye. Gefen da take kwanciya ya sale, ƙuda ya yi ƙwai a ciki, ina wankewa da ruwan toka ina cire tsutsa da tsinke. Maƙwabta suka fara ɓuya in sun ji sallamata, su ma ƙarfinsu ya ƙare. Ungulaye suka zo suka jeru a kan sabuwar jinkar ɗakina suna kallonmu.

Gwaggo Tabawa ta shigo rana ta huɗu, ta tsaya ta toshe hanci da gefen zane.

Ta ce, "Mamman, sa mata wuƙa tun tana halal. Ko ita ma sai ka nemi izinin surukinka?"

Na ce, "Gwaggo, hadari na haɗuwa."

"Ko yanzu aka yi ruwan, ciyawar a kanka za ta fito? Kira mahauci."

Na kira shi. Jinin da ya fito kaɗan ne, baƙi. Da ya farka tumbin sai da muka ja da baya. Yashi ne a ciki, ya kai cikin ƙwarya, da igiyar zana a dunƙule, da tsumma, da wani guntun fatar takalmi. Ɗan maraƙin kuwa ya cika halitta, har da gashi da kofato, mace ce. Mahauci ya ja ta gefe ya rufe da ƙasa. Naman ya yi shuɗi-shuɗi, yana yauƙi, ruwa na tsatsafowa daga jikinsa, babu ɗigon kitse ko a ƙoda. Tozon ya zama fata ninki biyu. Duk da haka kafin a gama fiɗa tsakar gidana ta cika da mutane da ƙorai, har da waɗanda suka ɓuya lokacin ɗagawa.

Al'adar garinmu ita ce duk wanda ya yanka saniya ya kai wa mai unguwa cinya ɗaya da tozo, kuma shi da kansa zai kai. Matata ta wanke babbar ƙwarya ta sa su, ta rufe da faifai. Na ɗauka. Na same shi a gindin tsamiyarsa bayan azahar, da dattawa uku, yana fifita. Na tuɓe takalma, na durƙusa, na ajiye ƙwaryar, na gaishe shi. Ya yi mini jaje, ya ce Allah ya mayar da alheri. Sannan ya ɗaga faifan da bakin sandarsa, ya leƙa, ya yamutsa fuska.

Ya ce, "Ina kitsen?"

Na ce, "Babu, Baba."

Ya juya wajen dattawan. "Kun gani ko? Yaran yanzu ba su iya riƙon dabba ba. Ubansa shekara nawa yana tare da saniyar nan, ko tari ba ta yi ba. Shi shekara uku ya gama da ita. Dabba sai da kula, Mamman. Ka ji ko?"

Dattawan nan uku duk sun riƙe gatari a gayyar, biyu daga cikinsu shanunsu na can kudu tare da Buba. Suka gyaɗa kai. Ina kallon ƙasar da ke gabana, tsirara, ko tsinke babu. Maganar tana bakina a shirye, tun daga farkonta har ƙarshenta.

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ruwa ya sauka bayan kwana shida, bai kuma ƙara tsayawa ba. Buba ya dawo da shanunsa, ya rasa biyu kacal, tsofaffi. Da ya zo gidana ya ga turke babu komai sai ya sha ruwa ya tafi. Dajin yamma bai sake yin gamba ta kirki ba, ruwa ya yi ta wanke shi shekara bayan shekara har ya zama abin da ake gani yanzu, faƙo da ƙarangiya.

Ranar da aka yi ruwan ne mai unguwa ya aiko a tambaye ni ko fatar tana nan, don buzunsa ya tsufa. Na kai wa majemi ya jeme ta, na kai masa. Shekara goma sha ɗaya yana zama a kanta, ni kuma kowace Juma'a ina zuwa in durƙusa a gabanta in gaishe shi.